Sheƙar da Ke Saman Kujerar Baba

Tun kafin Auta ta ajiye jakarta ta ɗaga kai ta dubi saman baranda. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa, ta ga sanda idon 'yar ya tsaya a kusurwar da aka shafe da sabon fenti.

"Umma, ina sheƙar?"

"Ba su zo ba bana," in ji uwar. "Da ta tsufa tana zubowa, sai mai fenti ya share wurin."

Maganar ta fito mata da sauƙi har ta ba ta tsoro.

Shekara da shekaru tsuntsayen tsattsewa na gina sheƙar laka a kusurwar nan, daidai saman kujerar mai gidan. Shi makanike ne, hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba, amma in ya dawo daga gareji nan yake zama ya yi ta kallonsu. Tun Auta na makaranta ta zo masa da labarin cewa tsuntsaye jikokin wasu manyan dabbobi ne na farkon duniya, masu kama da ƙadangare, masu haƙora. Wai wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama ya gama da manyan, 'yan ƙanana masu gashi suka tsira, suka bazu ko'ina, har tsibiran da ba kowa. Labarin ya shige shi sosai. In ana cin kaza sai ya ɗaga ƙafarta ya ce, "Ku duba da kyau, wannan ƙafar dodo ce, an dai rage mata girma." Uwar kuwa ta ce masa ya ci abincinsa ya bar ta da shirme.

Ya rasu kafin lokacin zuwansu. Su kuma suka zo, kamar ba abin da ya faru. Da sassafe su cika barandar da tsiwa, su yi kashi a kan kujerar da ta kasa ɗaukewa. Ta ce wa maƙwabciya ƙazantar ce ta dame ta. Amma ita ta san abin da ke cin ta: sun tafi ƙarshen duniya sun dawo, shi an kai shi maƙabartar bayan gari kawai bai dawo ba.

Ranar da mai fenti ya hau tsani, ya leƙa ya ce mata akwai ƙwai a ciki. Ta ce ya sauke. Da hannunta ta share ɓawon.

Yanzu ga Auta, malamar makaranta, ta zo hutu, ta zauna a kujerar uban tana shafa hannun kujerar.

"Har su ma sun san Baba ba ya nan," ta ce a hankali. "Abin da dutse daga sama bai hana su ba. Su ƙetare teku, su ƙetare sahara, su gane ƙofar gidanmu. Sai bana."

Uwar ta shige kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

Matsalar ita ce tsuntsayen ba su daina zuwa ba. Kullum da sassafe guda biyu ke zuwa, su maƙale a santsin bango, laka a baki, su zame, su sake. Sai uwar ta riƙa riga Auta tashi. Ta fito da tsintsiya mai dogon hannu, ba takalmi don kada a ji ta, ta kore su, ta goge ɗigon lakar da tsumma. Tana yi tana cewa a ranta gobe za ta bari.

Ana haka wata safiya mai fenti ya zo ɗaukar tsaninsa da ya bari a bayan gidan. Mutum ne mai surutu, ya tarar da su biyu suna shan shayi.

"A'a, malama ce a gari? Sannu da zuwa. Kin ga aikina? Ko ƙuda ya sauka sai ya zame." Ya yi dariya, ya nuna kusurwar da haɓa. "Mama, masu gidan saman nan sun yafe mana kuwa? Ni fa ƙwan nan sun tsaya min a rai. Matata ta ce in na sake ta daina ba ni abinci."

Ba wanda ya taya shi dariya. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sosa ƙeya, ya ce bari ya je ya dawo. Ko tsanin bai ɗauka ba.

Auta ta ajiye kofinta.

"Umma, shi ya yi gaban kansa, ko ke kika sa shi?"

Uwar ta ga hanyar da 'yar ta buɗe mata. Mutumin ya tafi, kuma Auta na son ta ce shi ne, a fuskarta ake gani.

"Ni na sa shi. Ya faɗa min akwai ƙwai." Ta ture kofinta gefe. "Kuma suna zuwa. Ni nake korarsu kafin ki tashi."

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi wa uwar sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki, aka ji tana buɗe akwatin kayan aikin uban. Ta fito da guduma da ƙusoshi da guntun katako, ta jawo tsanin ta jingina a bango.

"Fentin ya yi santsi, lakar ba za ta kama ba sai da abin dafawa," ta ce, ba ta dubi uwar ba. "Riƙe min."

Uwar ta riƙe da hannu biyu. Kowane bugun guduma sai ta ji shi a tafinta.

"Za su yarda su zauna?"

"Ban sani ba, Umma. Miƙo min ƙusa."