Takalmin Mijin Yaya

Yayata tela ce, kuma ƙafarta ma tela ce. Tun ina yaro take taka keken ɗinki, har ta kai da zarar ta zauna ta tuɓe silifas, sai ƙafar dama ta kama aiki da kanta, sama ƙasa, sama ƙasa. A shago abin yabo ne. A kan totur ɗin mota kuwa, sai dai Allah ya kiyaye.

Ni aka ɗora wa koya mata tuƙi. Idon mijinta ya yi rauni, likita ya hana shi riƙe sitiyari, shi kuma ya rantse in Yaya ta faɗi gwajin tuƙi zai sayar da motar, don ba zai bar ta ta ruɓe a ƙofar gida ba. Mutumin da ke goge motar nan kafin ya wanke fuskarsa! Wallahi ya ba ni tausayi.

Na kuwa sha wuya. Muna hawa titi sai mota ta kama tsalle kamar ɗan akuya.

"Yaya, totur ne fa, ba keke ba!"

"Rufe min baki, ni na goya ka."

Mijin nata ne ya gano matsalar, yana zaune a baya. Ya ce ya ji faɗuwar silifas kafin tsallen ya fara. Ashe ba ta ma sanin ta tuɓe su.

Ranar gwaji da safe ya fito da takalminsa mai igiya, ya cusa ƙyallayen shago a ciki don ya yi mata daidai. Ya durƙusa yana lalube, ya ɗaure mata tamau. Shi kuma ya zura silifas ɗinta masu fulawa, duga-dugansa a waje, ya ce mu tafi.

A filin gwaji jami'in ya dubi takalmin, ya dubi Yaya, ya haɗiye dariya. Ya sa ta ɗaura bel, ta gyara madubi, ta kunna sigina hagu da dama. Sai ribas tsakanin durom biyu. Ni da mijinta muna bakin wayar da ta kewaye filin, ina ba shi labari kamar mai sharhin ƙwallo.

"Ta taɓa durom?"

"Ko kusa!"

"Injin fa? Yi shiru in ji." Ya kasa kunne. "Lafiya lau yake tafiya."

Daga nan suka fita titi, inda ake tsayar da mutum a kan tudu a ce ya tashi ba tare da mota ta koma baya ba. Can ne, in ji Yaya, tsoro ya kama ta, ƙafa ta shiga neman hanyar fita daga takalmi. Ta murza, ta ja, ƙulli ya ce ina! Dole ta haƙura ta taka a hankali, mota ta hau sumul.

Da suka dawo, tun kafin ta yi magana na ga haƙoranta duka a waje.

"Baban yara, zo mu je gida!"

Ya taka da silifas ɗinsa masu fulawa, ya shafa gaban motar, ya nufi ƙofar direba kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya, hannunsa a kan marfin. Ya yi 'yar dariya, ya zagaya ɗaya gefen ya zauna.

"In ba ka takalminka?" in ji Yaya.

"Bar shi a ƙafarki," ya ce yana laluben bel. "Na direba ne."