Tutar Ta'aziyyar Ɗan Majalisa Pyo

Duk lardin Gangwon an san ɗan majalisa Pyo Gwang-ho da abu biyu, bakinsa a kan soja da tutarsa a gidan makoki. Na farkon har zuciyarsa ne. Da an taɓo maganin tsofaffin sojoji ko rigar sanyin yaran da ke gadin iyaka, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, yana dukan tebur har ruwan kofi na fantsama. Na biyun kuwa aikin ofis ne. Baƙar tuta ce doguwa a jikin sanda, an rubuta sunansa da ruwan zinariya, irin ta kowane ɗan majalisa. In an yi rasuwa a mazaɓa, direbansa Yuk ya kai ta ya kafa a ƙofar ɗakin makoki, rana ta uku in an fita da gawa ya je ya naɗo ta. Tutar ta fi mai ita zuwa ta'aziyya nesa ba kusa ba.

Ƙarshen sanyin bana tsofaffi suka yi ta tafiya, tutocin ofis duk suka fita. Ana cikin haka mahaifiyar shugaban 'yan kasuwa ta rasu. Yuk ya buga waya Seoul, ya sami maigidansa tsakanin zama biyu na kwamitin tsaro, ya ce ba sauran tuta.

"Ciro ta inda ba mutane," in ji Pyo, ya kashe wayar. Bai tambayi ko ta wa ce ba.

Da yamma ya zo da kansa, don shugaban 'yan kasuwa ba a aika masa ƙyalle kawai. Ya hau bene na gidan makokin da ake haya, kowane mamaci da ɗakinsa, ya shiga babban ɗakin da furanni suka cika har barandar, ya rusuna gaban hoton tsohuwar, ya sha miyar nama mai yaji, ya gaisa da jama'a har hannunsa ya gaji. Ya sauko ya wuce allon sunayen mamata da ke bakin ƙofa, idonsa na kan waya.

Washegari da safe shi da Yuk suna hanyar Seoul, yana bitar jawabinsa kan asibitin tsofaffin sojoji, wayarsa ta yi ƙara.

"Kurtu Pyo?"

Mutum biyu kawai suka rage a duniya masu kiransa haka. Wannan muryar ta Ma ce, tsohon kofur ɗinsu a barikin Hwacheon, wanda tun yana saurayi bakinsa ba linzami.

"Yaya Ma! Ina ka shiga haka?"

"Ni na shiga? To madalla. Miyar bene ta yi daɗi jiya? Mu tamu ta ƙasa gishiri ya ɗan yi yawa."

"Ban gane ba, Yaya."

"Saja Tak na kwance a ƙarƙashin ƙafarka lokacin da kake shan miya. Ɗakin ƙarshe na ƙasa, jikin banɗaki. Yau kwana uku, da hantsi za mu fita da shi. Na ce bari in gaya maka, ko za ka aiko mana da ƙyallenka ya raka shi mota."

Wayar ta mutu.

Saja Tak Yeong-dal ne ya karɓe shi yana kurtu, ɗan ƙauye mai rawar jiki. Lokacin da mahaifin Pyo ya rasu, Pyo na bariki, Tak ne ya nemo masa izini, ya bi shi har ƙauye cikin dusar ƙanƙara, ya kwana uku yana zuba wa baƙi giya kamar ɗan gida, ya kama makara da hannunsa. Tak bai haihu ba. Da Pyo ya ci zaɓe, tsohon ya riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya a shagonsa na gyaran keke cewa yaronsa ne ke magana a talabijin. Pyo yana son mutumin, wannan ba shakka. Sai dai tun bara yake cewa zai leƙa shi in an tashi majalisa, kuma shi da bakinsa ya ce wa ofis su daina damunsa da rasuwar ƙananan mutane, su aika tuta kawai.

"Juya motar," ya ce. Da suka juya ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Tutar jiya, daga ina ka ciro ta?"

Yuk ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Ɗakin ƙarshe na ƙasa, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ce a wurin, ko furen kirki babu. Matar mamacin ma ba a ƙofa ta bar ta ba, ta shigar da ita kusa da hoton."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ana buƙatarta a sama. Ta taya ni naɗewa ma."

Pyo ya so ya yi masa tsawa, ya rasa ta inda zai fara, don mutumin abin da aka ce masa ya yi. Sakatariya ta kira daga Seoul tana tambayar ina suke, ya ce wani ya karanta jawabin. Abu ɗaya kawai yake so a ransa, ya isa kafin a sauke hoton, ya kunna turare, ya kai goshinsa ƙasa sau biyu kamar yadda ake yi wa mamaci. In aka fita da gawa ba tare da ya yi ba, ya san ba shi da inda zai kai wannan nauyin har ya mutu.

Ya sauka matakalar ƙasa kusan da gudu, kwat a buɗe. A bakin ɗakin takalma ƙalilan ne a jere. Tsofaffi biyar na zaune a ƙasa da hulunan ƙungiyar tsofaffin sojoji, suna sa farar safar hannu ta ɗaukar makara. Ma ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a, ku miƙe, tsaron ƙasa ya iso. Ina mai hoton naka, ko yana sama ya ɓata hanya?"

"Yaya, na ci duk abin da za ka faɗa."

"Ka ci? Kai da ka ƙoshi tun jiya."

Sauran suka sunkuyar da kai. Pyo ya cire takalmi ya sa ƙafa a ciki. Hoton na nan a wurinsa tsakanin fararen furanni 'yan kaɗan, Tak cikin tsohuwar rigar soja, wuyan ya yi masa yawa. Ƙamshin turaren ya daki Pyo, idonsa ya cika. Ya ɗaga ƙafa zai matsa, sai matar marigayin, Eom Sun-rye, ta taso cikin baƙaƙen kaya ta tsaya tsakaninsa da hoton. Ƙaramar mace ce, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Matar Yaya," ya ce. "Ban sani ba. Da na sani..."

"Mu fita waje, ranka ya daɗe."

Ba ta taɓa ce masa ranka ya daɗe ba. Gwang-ho take kiransa, ta tura masa kimchi, kabejin tsami mai yaji, gabansa ta ce ya rame. Ya bi ta har baranda, ƙafarsa ba takalmi a kan siminti mai sanyi. Ta ja ƙofar ta rufe a hankali, kamar mai gudun tada mai barci.

"Da aka zo ɗaukar tutar, na ji an ce kana zuwa sama da yamma," ta ce. "Sai na yi murna. Na ce ai shi ya sa, mutum ya zo da kansa me za a yi da ƙyalle. Na sa aka ɗumama miya, na gyara gashina, na tsaya a gindin matakala. Na ga saukowarka. Na ga fitarka."

"Laifina ne, ba na kowa ba. Ni na ce a cire ta, ban ko tambayi..."

"Ban fito da kai don ka lissafa mini laifi ba. Tun yana asibiti yake tambaya ko ka kira. Kullum in ce masa gaskiya, ba ka kira ba, shi kuma ya ce aiki ne, ƙasa ce a wuyanka. Jiya da na koma ciki na dubi hoton, sai na kasa. Na durƙusa na ce masa, tsoho, Gwang-ho ya zo. Ya kunna maka turare, ya yi kuka, ya cinye abincinsa tas, ya koma aiki."

Pyo ya kasa ɗaga ido. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"Ki bar ni in shiga," ya ce. "Rusunawa biyu kawai, in gaishe shi in tafi. Ko in kama makarar, na ga su biyar ne."

"Ma'aikacin gidan zai kama musu."

"Matar Yaya, na roƙe ki."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, kuma hakan ya fi masa ciwo. A ciki an fara motsi, ana jin Ma yana cewa a sauko da hoton a hankali.

"Tun da na aure shi ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya," ta ce. "In ka shiga ka rusuna yanzu, zai gane. Ka tsaya bayan ginshiƙin can har mu wuce, kada ya gan ka."