Katakon Kabarin Mbah Ngadiran

"Ku sake leƙa ƙarƙashin gadon," in ji Harno. "Katako dai ba ƙafa gare shi ba."

Maza biyu suka sake durƙusawa, suka jawo tsohuwar tabarma da kwandon kayan sassaƙa, daga nan sai ƙura. A tsakar gida ana ɗebo ruwan wankan gawa, mata na zura furanni a zare. Tsoho Mbah Ngadiran, mai gidan, ya cika ne bayan sallar asuba, yana zaune bakin ƙofa da shayinsa, kuma ana so a kai shi da an sauko daga azahar.

Kaf layin babu wanda bai san katakon nan ba. Na itacen jati ne da mahaifin tsohon ya dasa, shi kuma tsohon da kansa ya sare shi, ya fere, ya ajiye don a rufe masa kabari. Baƙo bai isa ya sha shayi a gidan ba sai an ja shi ɗaki ya gani. Harno, ɗansa tilo, ya taso daga birnin Semarang da alkawarin rufe shi da katakon a wuyansa, ga shi katako ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Bu Tukiyem, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, tana yanka albasa a madafa amma kunnenta na ɗaki. Irin matan nan ce da ko akuya ta yi atishawa a layin sai ta san ta gidan wa ce. A hutun makaranta da ya wuce ta ga tsohon yana tura keke da kaya a ɗaure cikin buhu, ya bi hanyar firamare. Da ta tambaye shi sai ya ce, "Kabarina zan kai shan iska, Tukiyem, ya gaji da kwanciya." Tun ranar abin yake cin ta.

Ta ajiye wuƙa, ta leƙa ɗakin. "Mas Harno, ni fa ina jin na san inda ya nufa da shi."

Harno ya zari guduma mai cire ƙusa daga kwandon, ta shige gaba tana sauri kamar an yi mata albishir.

Azuzuwan makarantar a tudu aka gina su saboda ambaliya, kowane da matakalarsa. A ƙofar aji huɗu kuwa an kwantar da wata 'yar gada ta katako a kan matakalar, an shafe ta da shuɗin fenti. Bu Tukiyem ta tattare zani, ta duƙa, ta leƙa ta ƙasa inda fenti bai kai ba.

"Shi ne! Wallahi jati ne. Kai, tsohon nan!"

Malamin ajin ya fito, ya yi wa Harno ta'aziyya, sannan idonsa ya sauka kan gudumar. Ya ce saboda Kinanti aka yi gadar, yarinya mai keken guragu. Da can uwarta ke goya ta, ta shigar da ita, har nauyi ya fi ƙarfin bayanta, aka fara cewa a kai ta makarantar irinsu a birni ko ta zauna gida. Sai ga tsoho wata safiya da katako, bai kuma ce na mene ne ba.

"Ban ce bai kyauta ba, Malam," in ji Harno. "Amma hannuna ya riƙe, ya sa na yi masa alkawari. Zan sa a zuba muku ta siminti."

"Tun tana aji ɗaya ake cewa za a zuba ta siminti," in ji malamin.

Nan Bu Tukiyem ta ji daɗin ganowarta ya koma ɗaci. Da ta ci gaba da yankan albasarta, da yanzu ana can ana neman wani itacen. Ta tsani bakinta.

Aka buga ƙararrawar tara, yara suka ɓarko. Kinanti ce ƙarshe, ta gangaro da gudu, katakon na rugugi ƙarƙashin tayoyinta, ta ja birki dab da ƙafar Harno. Idanunta sun yi ja, ta ji sanarwar rasuwar a lasifikar masallaci tun safe.

Ko a wannan hali Bu Tukiyem ta kasa haƙuri. "'Yata, tsohon ya taɓa gaya miki katakon mene ne wannan?"

"Ya ce aro ya ba ni. Wai ranar da yake bukata zai aiko." Ta dubi gudumar, ta dubi Harno. "Ashe ku ya aiko, Kawu."



"Ku cire, ba komai. Na iya rarrafe, ina yi a gida. Don Allah dai ku bari a tashi tukuna, kada 'yan ajinmu su gani."

Harno ya juya baya, ya daɗe yana kallon filin ƙwallo, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo sai ya share fuska da hannun riga.

"Bu Tukiyem, gorar bayan gidanki ta yi ƙwari?"

"Ta yi, Mas. Har ta fi ƙarfin wuƙata."

"A je a saro. Da ita za a rufe shi."

Ya tsuguna a gefen gadar, ya shafa katakon da tafin hannu. Kan wata ƙusa ya ɗan taso daidai inda taya ke bi. Ya juya gudumar, ya shiga buga ƙusar a hankali, yarinyar na riƙe masa hularsa a cinya.