Babu Ramsis a Taswira

"A Ramsis za mu sauka, 'yar boko," in ji kakan Nirmin. Ya shiga taragonsa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ta shiga na mata. Idonsa ya yi rauni, ba ya riƙe waya, ita ce jagorarsa a Alƙahira.

Ta bi taswirar jirgin da yatsa, ba ta ga Ramsis ba. Kunya ta hana ta tambaya, sai da jirgi ya fara barin tashar Shuhada.

"Don Allah Hajiya, Ramsis da saura?" ta tambayi wata mata da ke kusa da ita.

Matar ta tafa hannu. "Wayyo 'yata, ai ita ce wannan! Wa ke ce mata Shuhada in ba takarda ba?"

Nirmin ta hango kakanta ta taga, ya riga ya sauka, yana tsaye cikin cunkoso, yana duba fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta bubbuga gilashi har jirgin ya shige duhu.