Kurɓin Farko

Naziru ɗan ƙanena ne ya jawo mini, Allah shi shirye shi. Yana karatu jami'ar Aliero, sai ga shi nan garinmu Andarai da abokai shida da waya guda, wai fim za su yi na tsoro da ban dariya. Tsohuwa suke nema, wadda ke kashe danginta ɗaya bayan ɗaya da fura.

Na ce, "Kai, ni ka raina?" Amma na yarda. Tun rasuwar maigidana Malam ni kaɗai ce cikin gidan nan, daga ni sai kaji. Kwana tara sunka yi, ana tuwo da babbar tukunya, ana ƙyalƙyala dariya tsakar gidana. Jinin ma zoɓo ne. Gawa ta farko sai da ta yi atishawa uku, don cikin albasa anka kwantar da ita.

Abu guda Naziru ya koya mini: in ɗauki ludayi in fara kurɓa, in yi murmushi, in ce, "Ka gani? Lafiya lau." Sannan in miƙa. Wanda ya sha ya sheƙa lahira.

Fim ya bi wayoyi. In na shiga kasuwar Jega samari su tare ni a yi hoto, suna ta "Lafiya lau, Goggo Gudiya!" Sunana na fim ke nan. Amma yaran unguwa da ke shigowa shan fura sun ɗauke ƙafa. Na ce oho. Ƙarya nake, abin ya ci mini rai.

Rahma nake jira, ɗiyar ɗiyata Hafsatu, shekararta biyar. Sau ɗaya a shekara ake kawo mini ita daga Birnin Kebbi, bayan Salla. Na surfa gero, na aika ƙauyen Kuberi anka sawo nono mai kauri, na dama cikin 'yar ƙwaryar da take so.

Sunka iso da hantsi. Rahma ta maƙale bayan zanen uwarta.

"Yayyenta ne sunka nuna mata fim ɗin a waya, Inna," in ji Hafsatu. "Ke Rahma, wasa ne fa. Je ki gaida kakarki."

Ta matso taki biyu, idonta kan ƙwaryar.

Na ce, "Zo, ƙawata, ba komi ciki." Wallahi ban kawo komi a raina ba. Abin da kowace kaka za ta yi shi na yi. Na ɗauki ludayi na kurɓa, na yi mata murmushi, na ce, "Kin gani? Lafiya..."

Ihun da ta kurma sai da kaji sunka watse. Ta ruga zaure, kuma duk lallashin uwarta ba ta sake shigowa ba. Da azahar sunka tafi.

Na zauna da ƙwaryar har la'asar, ina kurɓa kaɗan kaɗan. Furar ta yi daɗi ƙwarai. Ba wanda zan gaya wa.