Ƙaiƙayin Inna Hure

Wata shida cur Tahira tana jiran layinta. Can a wata ƙasa akwai na'ura mai harba hasken eksre, irin na asibiti, sai dai ita ba ƙashi take dubawa ba. Gari ake saka mata, daga yadda hasken ya tarwatse a gane girman ƙwayoyin da ido ba ya gani. Garin Tahira kuwa yumɓu ne da ake jiƙawa da ruwan ƙarfen nikel a gasa, aikinsa ya mayar da tsohon man suya ya zama man dizal. Malaminta, Dakta Yahya, ya faɗa mata ba kwana-kwana: in ƙwayoyin nikel sun bazu ƙanana-ƙanana, ta ci digirinta, in sun dunƙule, shekara uku sun bi ruwa.

Saura mako ɗaya a aika garin, murhun ɗakin gwaji ya ce bai san zance ba. Sai ta kwashi kayanta ta nufi Makoda wajen kakarta, Inna Hure, wadda ta shekara hamsin tana gasa tukwane. Aka gasa, aka daka, aka tankaɗe, aka aika.

Sai bayan kwana uku tsohuwar nan take cewa, tana ɓarar gyaɗa, ko a jikinta, "Ai da ban zuba miki ƙaiƙayi ba da ya tsage."

"Ƙaiƙayin me, Inna?"

"Na gero mana. Wa ya taɓa gasa yumɓu tsura? Kin tafi salla na cuɗa miki."

Innalillahi! Tahira ta zauna daɓas a kan turmi. Kaka ce, ba dama a yi mata tsawa, kukan ma sai da ta zaga bayan rumbu ta yi shi. Ta kira Dakta ta faɗa masa gaskiya, ya ce a jira sakamako.

Ran Talata da hantsi, ana tsinkar wake a gona, waya ta yi ƙara. Dakta ne, mutumin da murmushi ma sai an roƙa, wai shi ne yake ihu!

"Tahira! Buɗe hoton da na turo! Ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ramuka, nikel ya shige ciki ya rarrabu. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, nanomita huɗu kacal, kusan duk kansu ɗaya! Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ta saki kwando, wake ya watse, ta zuba da gudu tana tsallake kunyoyi. Mata na tambaya ko maciji ne, ina, ba ta ji ba. Daɗi kamar ya kashe ta. Ta faɗa gida tana haki, Dakta na kan layi har yanzu.

"Amma fa sai an maimaita kafin a yarda," in ji shi. "Giram nawa ta zuba?"

"Inna, nawa kika zuba?"

Inna Hure ta dube ta sheƙeƙe. "Ji wata tambaya! Sai da hannuna ya ce ya isa."

Tahira ta kama hannun nan mai kaushi ta sumbace shi, tana dariya tana hawaye.

"Malam," ta ce, "gobe a turo mini sikeli. Kuma a takardar binciken da za mu wallafa, sunanta sama da nawa."