Sauka Mai Laushi

Jirgin da za a yanke wa Kyaftin hukunci a cikinsa ba shi da fiffike. Wani ƙaton akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe a tsakiyar zauren horo, an ƙera cikinsa tamkar ɗakin tuƙi, tagoginsa kuma allo ne mai nuna gajimare da titin sauka. A nan ake gwada matuƙa. Mai gwajin yau kuwa tsohuwar ɗalibarsa ce, Auta, kamar yadda ya laƙaba mata tun tana koyon kama sitiyari.

Kowa a kamfanin ya san abin da ya kawo shi. Watan jiya ya nufo filin jirgi da fasinja maƙil, yana sama fiye da kima, gudu kuma ya yi yawa. Dokar aikin a sarari take: in an kusa ƙasa jirgi bai daidaita ba, a fasa, a tashi, a sake zagayowa. Mataimakinsa ya faɗa, ya maimaita, Kyaftin ya ce ya gani. Jirgin ya daki titi har tayoyi suka fashe, wata ma'aikaciya kuma tana asibiti har yanzu da karaya a baya. Kamfani ya ba shi dama guda: in ya ci gwajin ya koma bakin aiki, in ya faɗi ya ajiye hula.

Da safe wurin shan shayi Auta ta yi ta kewaye-kewaye, tana yabon wani matuƙi da ya fasa sauka kwanan baya. Kyaftin ya yi dariya, ya ce shi tunda yake bai taɓa nuna wa fasinja fili ɗaya sau biyu ba, zagaye na masu tsoron ƙasa ne. Ta taya shi dariyar, amma ba har zuci ba. Tana ƙaunar dattijon nan. Shi ya tsaya mata lokacin da ake cewa ba za ta kai labari ba.

Suka shiga aka rufe ƙofa. Kyaftin ya zauna a hagu, wani mataimaki a dama, ita a bayansu da allon da take sarrafa yanayi da shi. Tashi ya yi kyau, tafiya ta yi kyau. Da suka nufo sauka sai ta yi abin da aka turo ta yi: ta sako masa iska ta baya, ta bar shi sama da inda ya kamata.

Titi ya bayyana can ƙasa, kusa ƙwarai. Mataimakin ya ce, "Kyaftin, ba mu daidaita ba. Mu zagayo."

"Na gani," in ji Kyaftin.

Auta ta zuba ido ga hannunsa na dama, tana roƙon Allah ya tura maƙurar injin gaba su sake tashi. Sai ma ya ja ta baya. Na'ura ta fara kashedi, mataimakin ya sake magana, Kyaftin ko kallonsa bai yi ba. Ya sunkuyar da hancin jirgin, ya ɗan karkata shi, ya ɗago a daidai lokacin da babu littafin da ke koyarwa. Tayoyi suka taɓa titi kamar an kwantar da jariri. Akwatin ko girgiza bai yi ba.

Ya waiwayo fuskarsa cike da fara'a, gumi a goshinsa. "Auta, kin ma ji mun taɓa?"

"Ban ji ba," ta ce. Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ganin sauka irin wannan ba, kuma ta san ba za ta sake gani ba. Sai ta ƙara da cewa, "Baba, ba saukar aka ce in duba ba. Fasawar ce."

Fara'ar ta daɗe kafin ta gama barin fuskarsa. Ya dubi mataimakin, wanda ya sunkuyar da kai, sannan ya dubi hannuwansa. Bai yi gardama ba, bai kuma nemi a sake ba. Da ya nema da ta ji sauƙi, ko ba komai ta sami abin da za ta ƙi.

Ta miƙa hannu za ta kashe allon.

"Dakata," ya ce a hankali. "Bari in kai shi mazauninsa. Ba a barin jirgi a tsakiyar titi."

Ta janye hannunta. Ya juya jirgin, ya bi farin layi sannu-sannu har gindin gini, ya ja birki. Sannan ya nemi mataimakin ya karanto masa matakan rufewa, ya riƙa amsawa, yana kashe injinan ɗaya bayan ɗaya.